Ƙarfen da Kawu Yake Ba Ruwa

Jiya jikana ya shigo da sabon janareto, ya dire shi a jiƙaƙƙen tsakar gida ya tayar. Nan take na tuna Kawu, Allah ya jiƙansa.

A shekarun saba'in shi ne mai injin wutar da ake haya a Gaya. Duk inda ya kai shi, sai ya kafa dogon ƙarfe a ƙasa, ya ɗaura masa waya daga jikin injin. Da rani yakan tsuguna da buta yana ba ƙarfen ruwa, ana tsokanarsa wai yaushe shukar za ta yi 'ya'ya. Sai ya ce, "Wuta in ta kauce hanya ba ta sami ƙasa ba, mutum take nema."

Ranar sunan ɗana a Toranke, Kawu ya kawo mana injin; da la'asar, wata baƙuwa ta ɗauka ƙarfen turke ne, ta ɗaure akuyarta a jikinsa. Akuya ta fizga, waya ta tsinke. Injin yana ta ruri, warin mai ya cika gida, ga 'yata ƙarama ta nufe shi ba takalmi, hannunta sharkaf da ruwan wanke-wanke. Kawu, da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya daka tsawa: "Ke, tsaya nan!" Ya ruga ya kashe injin.

Jikana ya ce, "Kaka, ai wannan na zamani ne."

Na ce, "Kashe shi, ka kira mai gyaran wuta ya kafa ƙarfe tukuna."

Allah ya sanyaya wa Kawu ƙasar da yake kwance a cikinta, yadda ya riƙa jiƙa ta saboda mu.