Erna Ta Zauna Kan Kwali

Erna Yakovlevna ba ta san lanƙwasa harshe ba, balle wuya. A Karaganda, garin masu jin Rashanci, aka haife ta, inda maƙwabta ke ce mata Bajamushiya in suna son zaginta. Da ta tattaro ta koma garin Lahr, a ƙasar kakanninta, sai Jamusawa suka ce ga 'yar Rasha ta iso. Ta ce, "To ku daidaita a tsakaninku, ni aiki ne a gabana."

Aikin kuwa littattafai ne. Lokacin ƙaura sauran mata tukwane da barguna suka ɗauko, ita ta danƙare akwatuna da littattafan Rashanci, mijinta ya yi ta mita har ya bar duniya. Ta samu ɗaki a ƙasan zauren unguwa ta jera su. Duk Asabar yara su zo koyon karatu, tsofaffi su zo aro, a sha baƙin shayi, a taɓa gulma.

Kwatsam aka ce ana son ɗakin, kekuna za a zuba. Kekuna fa! Abin da ya fi ƙona mata rai, ɗanta Zhenya ne ya kawo motar da za ta kai littattafan wurin niƙa tsohuwar takarda. Shi tuni ya mayar da sunansa Eugen, ko a kanti ta yi masa Rashanci sai ya amsa da Jamusanci yana waige-waige.

"Haba Mama, wa ke karanta waɗannan? Komai yana cikin waya."

"Wayar ce ta yi maka karatu sa'ad da ƙyanda ta kwantar da kai, ja'iri?"

Ya ɗaure kwalayen littattafan tsaf. Ya sunkuya zai ɗaga na farko ta ce, "Tafiya za su yi, ai sai a zauna." Mutanensu ba sa kama hanya sai kowa ya zauna shiru tukuna, ko kan akwati ne, kuma a gidansu babba ne ke fara miƙewa. Ta zauna daram kan kwali. Kafin Zhenya ya yi tunani ƙafafunsa sun riga shi, ga shi zaune kan wani kwalin.

Erna ce babba, kuma ba ta da niyyar tashi.

Ya dubi agogo. "Mama..."

"Shiru ake yi. Ko Eugen bai sani ba?"

Ya sunkuyar da kai. Rabonsa da irin wannan zama tun ranar barin Karaganda, kan waɗannan littattafan, babansa na gefensa. Kewar tsohon ta taso masa, kunya ta rufe shi.

Can ya ce da Rashanci, murya ƙasa-ƙasa, "Akwai wuri a garejina, sai dai motar..."

"Motar ta kwana a titi, ba ta jin sanyi. Ka share wurin, yara na zuwa Asabar."

Sai da ya ce to, sannan ta miƙe.