Zazzaɓin da Ya Bi Ni Har Poland

Salamu alaikum 'yan uwa. Na san na daɗe ban ce uffan ba a shafin nan. Hoton ƙarshe da na saka shi ne na filin jirgi, ina ta washe baki cikin rigar sanyin gwanjo da na saya a kasuwar Kontagora. Daga nan sai shiru. Har an fara cewa Turai ta sa na manta mutane.

Ba haka ba ne. Kwanciya na yi a asibiti.

Ga wanda bai sani ba, jami'armu ce ta tura ni Poland in yi zangon karatu ɗaya a fannin likitan dabbobi, sannan in dawo.

Kafin tafiya na je rugar kakannina ta wajen Kaboji yin sallama. Ƙarshen damina ne, sauro ba a magana. Na kwana, na dawo gida, ban kawo komai a raina ba.

Ban daɗe da sauka Poland ba kaina ya fara sarawa. Sai ciwon gaɓoɓi. Sai rawar sanyi, har haƙorana na haɗuwa. Da a gida ne, da tuni na ce maleriya ce. Amma a ƙasar da ban ga sauro ko ɗaya ba? Na ce sauyin yanayi ne, na riƙa haɗiyar farasitamol ina zuwa aji.

Har ranar da na kasa tashi sallar Azahar.

Marek, wani ɗan Poland da muke ɗaki ɗaya da shi, shi ya dawo ya tarar da ni a ƙasa ina sambatu. Daga baya yake gaya mini wai da wani yare nake ta magana. Ina jin Fulatanci ne. Shi ya kira motar asibiti, shi ya binciko fasfo ɗina da katin inshorar lafiya a cikin akwati.

A asibiti aka gwada ni mura, aka ɗauki hoton ƙirji, ba a ga komai ba. Zazzaɓi kuwa sai hauhawa yake. Idona ya yi rawaya, fitsarina ya koma kamar baƙin shayi. Sai wata likita ta sunkuyo ta tambaye ni da Turanci a hankali:

"Yaushe ka baro Najeriya? A ina ka kwana kafin ka taso?"

Na gaya mata.

Nan take ta sa aka sake ɗibar jini. Da sakamako ya fito ta ce, "Maleriya ce, kuma ta fara taɓa ƙodarka. Ba mu cika ganinta a nan ba, amma mun san maganinta."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Ruwa a hannu, allura a jijiya, ana auna fitsarina, ana ɗibar jini safe da yamma. Ban san abin da nas-nas ke cewa a kaina ba, sai dai in karanci fuskokinsu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, idan na cika a nan, wa zai yi mini wanka?

Marek ne ya kira gida ta wayata. Innata, kamar yawancin iyayenmu, ba ta faɗin sunana, don ni ne ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ranar da ta gan ni a bidiyo da robobi a jiki, sai ta ce, "Usmanu. Usmanu, buɗe ido ka dube ni."

Na buɗe.

Baffana kuwa cewa ya yi, "Ka sha abin da suka ba ka. Addu'a kuma ka bar mana, wannan aikinmu ne."

A hankali zazzaɓin ya sauka, ƙoda ta dawo aiki. Wata Banufiya 'yar Bida da ke digiri na biyu a garin da nake, Anti Fati, ta ji labari a masallaci. Ba ta taɓa ganina ba, sai ga ta da farfesun kaza a kula. Ta ce, "Ɗan jihar Neja ba ya kwanciya shi kaɗai ina gari." Shi ne abinci na farko da ya zauna mini.

Maganar kuɗi: da na ga takardar kuɗin asibitin sai na yi lissafi. Ko an sayar da shanun Baffa da wuya su isa. Inshora ce ta biya kusan duka.

Ofishin ɗaliban waje suka karɓi takardar likita, suka ɗaga mini jarrabawa. Na rubuta, na ci. Yanzu haka ina Kontagora, Inna na ta ɗura mini fura da nono wai na rame.

Ga masu shirin irin wannan tafiya, ku ji daga bakin wanda ya gani. Ku ga likita kafin ku tashi. Kada ku raina inshora, ku karanta ku tabbata ta haɗa da kwanciya asibiti. Ku haddace lambar gaggawa ta ƙasar. Ku nuna wa abokin ɗakinku inda takardunku suke, ku ba shi lambar gida. Idan kuma zazzaɓi ya kama ku a can, kada ku jira a tambaye ku. Tun daga bakin ƙofa ku ce daga Najeriya kuke, a gwada ku maleriya.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar nan, da Anti Fati, da duk wanda ya sa ni a addu'a bai ma san abin da ke damuna ba.

Marek kuma ya ce zai zo Kontagora. Na ce masa bismillah, amma sai ya fara ganin likita, gidan sauro kuwa ni zan ɗaura masa da hannuna.