Bayan Ɗakin Inna Tumba

Wata Asabar a bazarar farko bayan an ba mu jihar Kebbi, ina tsaye a ƙofar gidan maƙwabcinmu Alhaji Bawa da daron kwaɓaɓɓiyar ƙasa a kaina, Baba na gabana yana ta sallama. Yaɓe muka zo yi wa bayan ɗakin kakata, Inna Tumba, don bangon ɗakin ne iyakarmu da shi, kuma sai ta cikin gidansa ake isa wurin. Ya fito yana sakace, ya dubi ƙafafunmu da suka yi dumu-dumu da laka, ya ce, "Wagga ƙazanta ba ta shiga gidana, na yi daɓen siminti." Ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe. Ranar na tsani mutumin nan, kuma har yau tsanar ko kaɗan ba ta ragu ba.

Ɗakin ya girmi kowa a unguwarmu ta tsohon garin Birnin Kebbi. Kakan mijin Inna ya gina shi da hannu, curi kan curi, zagayayye, mai kaurin da nakan kwanta a bakin ƙofarsa in miƙe ƙafa. Da zafi ya yi sanyi kamar randa. A nan aka kawo Inna tana amarya, a nan ta haifi Baba, a nan take ba mu labarin yadda gini ya fara. "Mutanen farko bakin gulbi sunka zauna," in ji ta, "sunka kafa itace, sunka jingina zana. Da gobara ta ishe su, sunka koma ma ƙasa." Amma ginin ƙasa sai da yaɓe duk shekara. Baba ya kwaso jar ƙasa a kan jaki, mu yara mu tattake ta da ciyawa da kashin shanu muna waƙa muna ture juna, a bar ta ta ruɓa, mata su jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa a shafe bangon don ruwa ya riƙa zamewa. Tsohon maƙwabcinmu, marigayi Malam Isa, da kansa yake buɗe mana, 'ya'yansa su shiga laka tare da mu, in mun gama namu mu koma nasu. Da gari ya cika da ma'aikata da 'yan kwangila, magadansa suka sayar wa Alhaji Bawa da gidan.

Bai tsaya ga hana mu shiga ba. Ya tayar da ginin bulo jikin namu, ya karkato da bakin kwanonsa daidai kan bangon Inna. A makaranta ma ban tsira ba. Ranar da malam ke koya mana cewa mutanen da can a kogo suke kwana, ɗan Alhajin, Nasiru, ya nuna ni ya ce, "Malam, ga jikarsu nan." Aka fashe da dariya. Da aka tashi tara na kayar da shi na cika masa baki da ƙasa, na sha bulala, kuma wallahi ban yi nadama ba. Baba ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka ce ya yi haƙuri, ai mutumin babba ne.

Damina ta sauka, ruwan kwano ya yi ta cin bangon ta gefen da ba mu gani. Daga ciki sai warin danshi, sai tabo yana hawa. Inna takan tsaya ta dafa wurin. Baba ya roƙe ta ta dawo ɗakin mahaifiyata, ta ce, "In tahi ina? Nan anka kawo ni." A damina ta biyu, ana yayyafi bayan la'asar, ta fito alwala, sai bangon ya zauna gaba ɗaya a kan gadonta da tukwanenta da jeren tasoshinta. Ta tsaya da buta a hannu tana kallo, ba ta yi kuka ba.

Kashegari Alhaji Bawa ya shigo jaje da babbar riga, ya sa aka sauke mana bulo a ƙofar gida, wai sadaka. A masallaci aka yi ta sa masa albarka. Baba ma ya yi godiya, ina kallonsa. Aka gina ɗaki mai kusurwa huɗu, Inna ko leƙa shi ba ta yi ba. Ta ɗaure 'yan tsummanta ta tafi garin Gulma wurin 'yarta, kafin a yanke shinkafa aka aiko mana ta rasu.

Yau a sabuwar unguwar Gesse nake, cikin gidan siminti mai katanga doguwa, ban san sunan wanda ke bayan bangona ba, shi ma bai san nawa ba. Ba mai buga ƙofar wani da daron ƙasa. Unguwarmu kuwa har gobe in aka ambaci Alhaji Bawa sai a ce mutumin kirki, wanda ya gina wa tsohuwa ɗaki. Ni dai ina wurin, na ga wanda ya rushe shi.