Hatimin Kawu Ojent

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekara ashirin da takwas ya yi a tebur ɗaya, gefen wata taga da ba ta buɗuwa. Aikinsa karɓar takardun jama'a. Kayan aikinsa kuwa hatimi ne mai jar tawada, da kalmar Turanci guda a jiki: URGENT, wato na gaggawa. Daga nan ya samo suna. Har matarsa in ranta ya ɓaci, Ojent take ce masa.

Asali an ba shi hatimin ne don takarda ɗaya cikin ɗari. To amma Kawu akwai tausayi. Kowa ya zo yana marairaicewa sai ya ce, "Haba, wannan ai ojent ce," ya buga, tim! A hannunsa kalmar ta koyi ayyukan da Turawa ba su ba ta ba. In ya buga wa tsohuwa, yana nufin sannu Mama. In masifaffe ne, yana nufin jeka ka ba ni wuri. Wata rana ya zo da shi gida, ya buga wa takardar cefane da katin rigakafin yara. Katin gayyatar aurena ma bai tsira ba, har surukaina suka aiko a tambaya ko lafiya.

Dokar ofishin ita ce duk takarda mai ja a ɗora ta a saman tari a ɗakin Oga. Ta yau ta danne ta jiya, ta gobe ta danne ta yau. Tari ya yi ta hawa har aka daina kunna fanka. Oga kuwa ba ya taɓa shi. Sai in takarda ta kuskure ta shigo ba ja, nan mamaki zai kama shi, ya karanta, ya sa hannu nan take. Kowa a ofishin ya san haka, har Kawu.

Sai Innata ta kwanta ciwo, irin wanda likita ke sallamar mutum ba tare da ya haɗa ido da ’yan'uwa ba. Abu ɗaya take so, ƙanenta ya zo ya zauna da ita. Shi kuwa bai taɓa barin teburin nan ba sai da takarda. Na je da kaina na tsaya a kansa ya rubuta neman hutun sati biyu.

Na ce, "Kawu, don girman Allah kar ka buga."

Ya dubi takarda, ya dubi hatimi. Ya ce, "Shekara ashirin da takwas ina buga wa ƙarya. Yau da ta gaskiya ta zo zan hana ta?"

Tim!

Wallahi kamar in shaƙe shi. Ina ji ina gani aka haye kujera aka ɗora ta a saman tari. Kafin a tashi aiki goma sha ɗaya sun hau kanta.

Kwana huɗu Inna na tambaya, ina ƙarya. Ran na biyar ta ce a ɗora ta a keken marasa lafiya. Na tura ta har ofis, muka bi layi, don ta ce ba za ta tsallake kowa ba. Da muka iso, Kawu bai ɗago ba, ya miƙo hannu ya ce, "Takarda."

Inna ta jawo hatimin, ta dangwala a tawada, ta buga a bayan hannunta. Ƙarfinta bai kai ba, rabin kalmar ne ya fito. Ta ɗora hannun a teburin ta ce, "To ga ni, Auta. Kai ni saman tarin."

Ban taɓa ganin babban mutum ya yi kuka irin wannan ba. Ya jefa hatimin a durowa, ya ture ni gefe, ya kama keken da kansa, mutanen layi na ta kira.

Kwana tara ya samu da ita. Matan da suka yi mata wanka sun ce jan bai gama fita ba.

Bayan wata bakwai tarin ya rushe, mai shara ya tsinto takardar, Oga ya sa hannu. An ba Kawu sati biyunsa.