Motar da Ba Ta Ɗaukar Hula

Shekara guda da wata biyu bayan rasuwar maiɗakina na rabu da babbar motarmu. Ba ta lalace ba, ba kuma wata buƙata ce ta taso ba. Fara ce mai kujera bakwai, mun saye ta kusan sabuwa ana gab da lokacin da mutanen arewacin jihar nan suka fara gudowa Yola. Tafiyar biki da kai yara makaranta muke tunani da muka saye ta, amma aikin da ta yi daban ne. Da ita na riƙa tsallaka gadar Binuwai ina ɗauko dangin maiɗakina da suka iso da ƙafa ko a bayan manyan motoci. Ta ɗauki katifu da buhunan masara, ta kai masu naƙuda asibiti. A lokacin ina karanta labarai a rediyo. Da safe in zauna gaban makirfo in jero sunayen garuruwan da aka shiga, da murya ɗaya kamar yadda aka koya mana, da rana in koma gidanmu a Nassarawo in tarar da mutanen garuruwan nan zaune a kan tabarmata.

Daga baya suka koma, kaɗan-kaɗan. Yaranmu uku suka watse, biyu aiki, ɗaya aure. Na yi ritaya. Maiɗakina kuma ta kwanta jinyar wata biyar, Allah ya karɓi abinsa.

Abin da ya fara damuna da motar madubi ne. Duk sa'ad da na ɗaga ido in ga abin da ke bayana, sai na fara ganin kujeru biyar babu kowa kafin in ga titi. Sai kuma jama'a. A Jimeta mai babbar mota ba shi kaɗai ke da ita ba, balle tun da aka hana babura. Kafin in fita daga layinmu an ɗaga mini hannu sau biyu. Kowa ya shiga sai ya zauna a gaba, a kujerar maiɗakina, ya sake mini ta'aziyya, ya faɗi wani alheri da ta yi masa. Gaskiya suke faɗa, ni ne na gaji da amsawa.

Mutum ɗaya ne zamansa a kujerar nan bai taɓa damuna ba, wato Bappa, ƙanin mahaifinta, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama kuma ya ba ni aurenta. A cikin garin Yola yake, ya haura tamanin. Tun lokacin da ake binciken mutane a ƙofar masallaci, ana hana ajiye mota kusa, ta roƙe ni in riƙa kai shi sallar Juma'a don kada ya riƙa tsayuwa a rana yana jiran keke napep. Bayan ta rasu ban daina ba, shi ma bai ce in daina ba. Nakan isa ƙofarsa sha biyu da rabi. In rufe gilashi, in kunna sanyi, mu bi doguwar hanya. Bappa bai taɓa kiran sunana ba, "mai labarai" yake ce mini, haka nan bai taɓa kiran nata ba. Sai dai a tsakiyar maganar farashin dusa ko rashin ruwan famfo ya ce, "Yarinyan nan, yana ƙarami, ba ya cin kuɓewa." Hausarsa ta tsofaffin Yola ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Daga nan ya ba ni wani ɗan labari da ban taɓa ji ba, yana kallon gaba, ni ma ina kallon gaba. A gidansa ba ya irin wannan magana, akwai mutane, akwai kunya tsakanin surukai. A cikin mota kaɗai yake yi. Duk makon, waɗannan mintuna ne kawai nake da wanda ya san ta kafin ni.

Jar motar da ta maye gurbin babbar na gan ta ne a wurin wani dillali a hanyar Numan, can baya, an rufe rabinta da tamfol. Ƙofa biyu gare ta, doguwar gaba, gajeren baya, ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa. Ta girmi babbar motarmu da shekara ashirin ko fiye. Na san irinta. Ina sabon ma'aikaci, wani injiniya da ke aikin hanya yana da irinta, kuma nakan tsaya da kekena a bakin titi in bi ta da kallo har ta ɓace. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko maiɗakina. Mai iyali ba ya son mota mai kujera biyu a fili.

Dillalin ya ce wani likita ne ya bar ta da ya tashi daga garin a shekarun tashin hankali, kuma tun lokacin ba wanda ya taya. Ya ce mutanenmu in sun leƙa sai su tambayi inda za a sa uwargida da yara. Na ce masa ni ba ni da wannan matsalar. Sai ya kawo makulli.

Da na sunkuya zan shiga, ya ce, "Alhaji, cire hula tukuna."

Na cire, na ajiye ta a kujerar gefe, na zauna. Tsakanin kaina da rufin bai fi yatsu uku ba. Na tayar da ita, ƙarar ta shigo mini ta ƙashin baya. Na duba madubi, babu komai a ciki sai titi. Muka zagaya har shataletale muka dawo, kuma kafin la'asar mun yi musaya. Shekara talatin ina aikin da ba a barin kalma ta wuce sai an duba ta sau biyu, amma maganar hular nan ta wuce ni kamar ba a yi ta ba. Ranar Litinin ce.

Kwana uku na farko na ji daɗinta, ba zan ɓoye ba. Da sassafe na tsallaka gada na miƙe hanyar Girei, na taka ta yadda ban taɓa taka mota ba. A shinge wani soja ya sa na buɗe but ɗin kaya na baya, ya leƙa, ya yi dariya, ya ce ko buhun gawayi ba zai shiga ba. A cikin gari kuwa dole in bi kowane tudun rage gudu a karkace, in ba haka ba cikinta ya gurji ƙasa. Bakanikena da ya gan ta ya kama haɓa, ya tambaye ni ko zan ƙara aure ne, in kuma ba haka ba wa ya yi mini wannan aika-aikar. Ya ce kayan gyaranta sai an aika Legas. A layinmu ba wanda ya sake ɗaga mini hannu. Abin da na nema ke nan, na kuma samu.

Ranar Juma'a na isa ƙofar Bappa a kan lokaci. Dattawan unguwa uku na zaune a kan tabarma a gindin dalbejiya suna jiran lokacin tafiya. Bappa ya fito cikin farar babbar riga, da sandarsa, da doguwar hularsa ɗinkin Borno. Ya duba hagu da dama yana neman farar mota. Na fito na gaishe shi, na nuna masa ja.

Ya zagaya ta sau ɗaya a hankali. Ya ce, "Mai labarai, sauran motan yana ina?"

Dattawan suka yi dariya, ni ma na yi. Na buɗe masa ƙofa, na karɓi sandar, na tattara masa rigar. Ya dafa kafaɗata ya sauke jikinsa, gwiwoyinsa suna ƙara. Jikin ya shiga. Kan ne ya ƙi, domin hular ta tokare da bakin rufin ta karkace. Ya sa hannu ya gyara ta, ya sake gwadawa, ta sake tokarewa. Na kwantar masa da kujerar baya, sai ga shi a miƙe yana kallon sama kamar wanda za a kai asibiti. Ɗaya daga cikin dattawan ya tambaya ko a kira masu ɗaukar makara. Nan ne na yi kuskure na biyu, na faɗi abin da dillali ya faɗa mini.

"Bappa, ko za a cire hular, in mun isa sai a mayar?"

Ya miƙo mini hannu na ja shi ya fito. Tun da na shigo gidansu neman aure ban taɓa ganin kansa a buɗe ba, kuma a lokacin na tuna ba wanda ya taɓa gani a waje. Mutum irinsa ba ya ratsa garin Yola ranar Juma'a kai babu hula a gaban 'ya'yan abokansa. Ya karkaɗe rigarsa, ya ce in je kada in rasa sahu, shi zai bi maƙwabcinsa. Ya yi mini godiya da Fulatanci, irin godiyar da ake yi wa baƙo.

Washegari na koma wurin dillalin. Farar motar ta tafi tun ranar Laraba, wani mai kai fasinja Ganye ya ɗauke ta. Na tambayi bakanike ko za a iya sauke kujerar ƙasa, ya ce in ya ƙara sauke ta a kan kwalta mutum zai zauna. Ranar Alhamis Bappa ya aiko a gaya mini kada in wahalar da kaina, maƙwabcin zai riƙa kai shi.

Juma'a huɗu na yi a masallacin unguwarmu, da ƙafa nake zuwa. In na dawo sai in zauna a falo in kunna rediyo, in ji sababbin masu karanta labarai suna haɗiye ƙarshen kalmomi, ba kuma wanda zan ce wa ka ji. Da yamma in fita da motar ba tare da wurin zuwa ba, in bi ta Ajiya, in faɗa babbar hanya, in kai har gonakin Mbamba in juyo, hulata na zaune a kujerar gefe. Gudunta bai ragu ba. Sai dai duk inda na nufa nakan isa da wuri, in rasa abin yi a can.

A Juma'a ta biyar na tafi Yola, na ajiye motar nesa da ƙofarsa, na tsayar da keke na ce ya jira. Bappa ya dube ni ya dubi keken, ya ce ga mai mota ya zo da haya. Amma ya shiga. Muka ci gaba da haka wajen wata uku. Na samu Juma'ata, amma ban samu abin da nake zuwa nema ba. A keke iska ce da ƙara, ga direba kusa yana jin komai, wani lokaci ya tsaya ya ƙara mutum a gefensa. Sai mu yi maganar zafi kawai. Ko sau ɗaya Bappa bai ambaci yarinyan nan ba. Na fara tunanin sayar da jar motar ko da faɗuwa, amma ba mai saye, kamar yadda dillali ya faɗa tun farko.

Wata Juma'a cikin watan Afrilu, zafi ya kai inda kwalta ke laushi, muka dawo daga masallaci. Na raka shi har zaure zan yi sallama, sai ya ce in shigo da motar cikin gida kada rana ta cinye mata fenti. Gidan yana da ƙofar ƙarfe ta gefe, inda dā ake shigo da shanu. Na shigo da ita na tsaya a bayan rumbu, inuwar mangwaro ta rufe ta. Matan gida suna can ciki, an rufe ƙofar. Ya zo ya tsaya a gefenta yana dogara sanda.

Ya ce, "Sanyin nan nasa yana aiki?"

Na ce yana yi.

Ya duba bayansa sau ɗaya. Sai ya cire hular da hannu biyu, ya miƙo mini sandar, ya dafa kafaɗata ya zauna. Na rufe masa ƙofa, na zagaya na shiga, na cire tawa, na tayar da injin na kunna sanyi. Kansa ya fi yadda nake zato ƙanƙanta, aski ƙwal, da zanen da hula ta bari a goshi. Na kawar da idona na kalli gaba. Babu komai a gaban sai bangon rumbu. Ya riƙe hular a kan gwiwa, muka zauna, motar da aka ƙera don gudu tana kaɗawa a wuri ɗaya.

Can ya ce, "Yarinyan nan, ranar da aka fara kai shi makaranta, a bayan rumbun nan ya ɓuya." Ya ba ni labarin har ƙarshe, yadda aka neme ta har bakin kogi, yadda shi ya san inda take amma ya ƙi faɗa sai da aka tashi makaranta.

Sau shida muka yi irin wannan zama. Da damina ƙafafunsa suka kumbura, ya daina fita masallaci, ya daina iya saukowa kujerar. Yanzu a ɗakinsa nake gaishe shi, da hularsa a kai, da mutane a kewaye, mu yi maganar ruwan sama. Motar tana nan, ban sake neman mai saye ba. In na fito daga wurinsa nakan ɗan zauna a ciki a bayan rumbun kafin in buɗe ƙofar ƙarfen in kama hanyar Jimeta.