Kurege Mai Lema da Zanen Inna

Sana'ata turare ce. Tun ina amarya nake haɗa humra da turaren wuta a Birnin Konni, kuma ban taɓa leƙa ƙofar gida ba tare da na shafa wani abu ba. Ni ce tallar kayana. Litinin in fita da turaren sandal, Talata da miski, ranar Juma'a kuwa sai wanda nake ɓoye wa manyan masu saye. Mata kan ce tun kafin in yi sallama sun san na iso. Ina jin daɗin wannan magana, ba zan ɓoye ba.

A ranin da nake ba da labari, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta zo daga Bazaga don a duba mata ido, ta ce za ta zauna wurina har ruwa ya sauka. Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma yaba mini a gaban kowa. "Ke" take ce mini, in ta ga dama ta ce "waccan", ko da gwiwata na gugar tata. Na saba, amma ban taɓa daina jin abin a raina ba. Muna zaman lafiya in ban da abu ɗaya: wani tsohon zanen saƙi baƙi da take yafawa kullum. Ya koɗe, gefensa ya zare, yana warin hayaƙin kara da man shanu da daddawa. In masu saye suka shigo suka tarar da ita zaune cikinsa a tsakar gida, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na saya mata atamfa biyu, ta ninke su ta yi matashin kai da su.

Ana cikin haka ƙanena ya dawo daga tafiya. Direban babbar mota ne, yana jigila tsakanin Konni da bakin teku, kuma bai taɓa kawo tsarabar da ta yi wa kowa amfani ba. Wannan karon kwali ya shigo da shi, an huda masa ramuka.

"Yaya, ga amana," in ji shi. "Wani mai kaya yab ba ni su can Ikko. Su biyu na, guda yam mutu bisa hanya."

Na leƙa. Wani ɗan abu ne da bai cika tafin hannuna ba, toka-toka, da baƙin layi daga goshi zuwa gadon baya. Idanunsa sun yi masa yawa, wutsiyar ta fi jikin tsawo. Tsakanin hannunsa da ƙafarsa akwai fata a ninke, ƙanena ya ce in ya yi tsalle yakan buɗe ta ya sauko a hankali. Ya faɗi sunansa na Turanci sau uku, ba wanda ya iya maimaitawa. Inna ta matso da idonta mai kyau, ta dube shi, ta ce, "Kurege na, mai lema." Sunan da ya bi shi ke nan.

Kafin ƙanena ya koma hanya ya bar mini ƙa'idoji. Abin yana barci da rana, yana tashi da magariba. Yana son zaƙi. Babban abu kuma, ba ya iya zaman kaɗaici: tunda ɗan'uwansa ya mutu, in bai sami wanda ya saba da shi ba, zai daina ci ya bi shi. A ɗinka masa 'yar jaka, a rataye shi a ƙirji da rana har ya san mutum.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, na yi renon 'ya'ya huɗu. Na ɗinka jaka da ragowar shadda, na turara ta da kyau don baƙo ne, na sa hannu cikin kwali. Sai ya buɗe baki ya saki wata ƙara irin ta injin markaɗe in ya shaƙe, ya dasa mini haƙora a babban yatsa. Washegari haka. Jibi ma haka. Na ba shi mangwaro ya juya baya, na ba shi ayaba da dafaffen ƙwai ya dube ni kamar na zage shi. Na samo masa keji na ajiye kusa da randa, ina lulluɓa masa jiƙaƙƙen tsumma saboda zafi, duk da haka ni ce babbar abokiyar gabarsa a duniya.

Inna ta yi kwana uku tana kallonmu. Rana ta huɗu da magariba ta ce, "Abin itace na. Ba shi abin itace." Ta kwance haɓar zanenta ta fito da ƙaro, irin wanda take tsinkowa a jikin itatuwan ƙaya a daji, ta jiƙa shi da ruwa ta miƙa masa a ɗan yatsa. Ya shinshina, ya lasa, ya sake lasa. Da ya gama sai ya bi hannunta ya haye, ya shige cikin ninkin zanen, ya yi lamo.

Daga ranar ya tare a can. Mangwaron da ya ƙi a hannuna shi yake ci a nata. Tana kama masa fara a bayan ɗaki, yana riƙewa da hannu biyu yana ci kamar mai cin masara. Da magariba sai ya bi labule ya hau saman sif, ya tsaya yana auna mu, sannan ya buɗe lemarsa ya taho. Ni in miƙa hannu biyu ina kiransa da murya mai daɗi, shi kuwa ya wuce ta saman kaina ya sauka a kafaɗar Inna. Kishi na yi, kishi na gaske, a kan abin da bai kai albasa ɗaya nauyi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda take masa magana. "Ɗan albarka," take ce masa, "ka ƙoshi? Zo nan, ɗan albarka." Na shekara arba'in ban ji wannan murya daga bakinta ta nufo ni ba.

Ranar da aka yi mata aikin ido na matsa mata ta ɗaura sabuwar atamfa, ta bar zanen a gida. Da na dawo na gan shi rataye, sai dabara ta faɗo mini. Tunda zanen yake so, in na wanke shi na turara shi da turarena, zai saba da ƙamshina, ita kuma Inna ta huta da warin daddawa. Na yaba wa kaina da wannan hikima. Na wanke shi sau uku, na shanya, na kifa kabbasa, kwandon turara kaya, a kan garwashi, na zuba turaren Juma'a, na lulluɓa zanen a kai har ya ƙoshi.

Da Inna ta dawo, ido ɗaya a ɗaure, ta yafa zanen ta tsaya cik.

"Wa yat taɓa min zane?"

"Ni ce, Inna. Wanki na yi miki."

Ta juya ta shige ɗaki. Da magariba ta miƙa wa kuregen hannu, sai ya saki ƙarar nan ta injin markaɗe, ya ja da baya ya lafe a kusurwar keji. Ya ƙi ƙaro, ya ƙi fara. Kwana biyu bai sa komai a baki ba sai ɗan ruwa, gashinsa ya tashi, idanun nan suka shige ciki. Tsoro ya kama ni, don na san aikina ne.

A rana ta uku Inna ta yi magana, tana kallon bango. "Waccan tana saida ƙamshi, amma ba ta san abin ga da hanci yaka gane mutum ba. Kullum ta zo mai kamar wata sabuwar mace. Jiya wata, yau wata. Wa za shi sani? Guda ɗai yas sani, ita ma an wanke ta."

A makon nan ne shamuwa ta sauka a kan bishiyar maƙwabta, alamar ruwa ya kusa. Inna ta ce ranar da aka yi ruwan shuka, washegari tana Bazaga, ko ido ya warke ko bai warke ba. Ba za ta tafi da shi ba, don tana wuni a gona, ga kyanwoyi cike da gidan. Maganar ta fito fili ke nan: ko ya yarda da ni kafin ruwa, ko ya mutu a hannuna.

Inna ta karɓi mulki. Ta ƙi murhuna na gas, ta kafa duwatsu uku a tsakar gida, ta hura wuta da kara, ta yi miyar kuka da daddawa tana yafe da zanen. Ta shafa man shanu, ta kwana a cikinsa, ta tashi a cikinsa. Kwana biyu ana wannan aiki na ɓata wankina, sannan kuregen ya leƙo ya lashi ƙaro. Ni kuma aka kafa mini doka. Ba humra, ba turaren wuta, ba man shafawa mai ƙamshi, wanka da sabulun salo kawai. Na kulle kwalabena a ɗaki. Mai saye in ta zo sai in miƙa mata mabuɗi ta shiga ta zaɓa, ni ina tsaye daga nesa kamar mai mura.

A cikin wannan hali aka yi biki a unguwarmu, kuma ba halin in ƙi zuwa. Na yi sallama har sau biyu kafin a waiwayo. Wata ƙawata ta rungume ni, ta ja hanci, ta sake ja, ta janye ni gefe.

"Lahiya dai? Ko takaba kika yi ba mu ji ba?"

Na ce mata mijina na nan ƙofar gida yana shan shayi.

"To mi yas samu?"

"Baƙo gare ni, ba ya son turare."

"Wane irin baƙo na wanga?"

Na ce mata kurege ne mai lema. Kafin a raba goro labari ya zagaye gidan bikin, aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Na cije na yi dariyar tare da su, amma na so in kifa wa ƙawar nan kwanon fura.

Bayan mako guda Inna ta ce in zo in zauna. Ta cire zanen daga jikinta, da kuregen yana barci a ciki, ta yafa mini, ta ɗaure shi a ƙirjina. Saƙin yana da kaushi, ga zafi. Ranar farko ya farka ya yi gunaguni. Rana ta biyu ya ɗan ciji rigata ya koma barci. Rana ta uku bai ko motsa ba, ina jin bugun zuciyarsa da sauri-sauri a kan tawa. Ina zaune ina tsince shinkafa, warin zanen na hawowa hancina, sai sana'a ta motsa na fara rarrabe shi. Ga hayaƙin kara, ga man shanu, ga daddawa. A ƙarƙashinsu kuma akwai wani abu da ban san sunansa ba, ba ya cikin kwalabena, ban kuma taɓa jin sa a kasuwa ba. Duk lokacin da na shaƙe shi sai barci ya ɗauke ni a zaune, har Inna ta ce in ba zan iya tsintar ba in ba ta.

Ruwa ya sauka wata Laraba da la'asar, mai yawa, har ya cika tsakar gida. Da magariba Inna ta ɗaura sabuwar atamfa, ni ina yafe da zanen, muka tsaya a ɗaki. Kuregen ya bi labule ya hau saman sif. Ya dubi Inna, ya dube ni, ya daɗe yana karkata kai. Ban miƙa hannu ba, ban kira shi ba. Sai ya buɗe lema ya taho, ya sauka a ƙirjina. Na miƙa masa ƙaro ya riƙe yatsana da hannu biyu ya lashe tas.

"Inna, kin gani?"

"Zanen yab biyo," in ji ta, "ba ke ba."

Da safe ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida. Inna ta ɗaure kayanta, na fara kwance zanen don in ba ta abinta.

"Bar shi nan," ta ce. "Kuma kada a sake wanke min shi."

Sannan ta sunkuyo daidai ƙirjina, inda kuregen ya leƙo da kai, ta yi masa magana da muryar nan tata.

"Kwanta abinka, ɗan albarka. Ba kai na na hwarko da yay yi kwana cikin zanen ga ba. Waccan ma da shi anka goye ta. Ita ma da cizo tah hwara, daga baya ba ta kwana sai cikinai."

Ta gyara ɗaurin atamfarta, ta hau bayan babur, ba ta waiwayo ba. Na tsaya a ƙofar gida ba ko ɗigon turare a jikina, ina kuka ina dariya, har maƙwabciyata ta leƙo ta tambaya ko abin ya sake cizona.

Daga baya ƙanena ya samo masa abokiyar zama, yanzu su biyu ke yi mini shawagi a ɗaki suna zubar da kwalabe. Na koma shafa turare, amma iri ɗaya tak, kuma sun san shi, ba su ƙara neman zanen ba. Yana nan rataye a bayan ƙofa, nesa da kabbasa. Da rana in gida ya yi shiru nakan ɗauko shi in yafa. In mijina ya shigo ya gan ni, sai in ce masa don kurege ne.