Ranar Da Na Yi Musayar Goyo

Lokacin da aka kawo ni Gyaɗi-Gyaɗi daga garinmu, babu abin da nake tsoro kamar a ce mini baƙauya. Boko ban yi ba, allo ma ban yi nisa ba. Maigidana direban bas ne, in ya fita da asuba sai magariba. Daga ni sai 'yata Ummi, wadda ko zama ba ta fara ba. In na je gidan suna sai in raɓe a lungu ina satar kallon ɗaurin ɗankwalin matan birni.

Ana haka soja suka ce za su koma bariki, siyasa ta buɗe. Hajiya Delu, shugabar matan jam'iyya a layinmu, ta ji na rangaɗa guɗa a wani biki, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan maƙogwaro ai na gidan gwamnati ne!" Daga ranar duk taron ɗan takararmu na gwamna ina gaba. Yau sabulu, gobe turmin atamfa. Na waye.

Da zaɓen fid da gwani ya zo, aka ce ƙato bayan ƙato za a yi: kowa ya tsaya bayan hoton wanda yake so, a ƙirga kawuna. Hajiya ta raba mana katunan jam'iyya masu sunayen wasu, ta ce in an ƙirga mu a mazaɓarmu, bas zai kai mu Ƙauyen Alu, daga nan Unguwa Uku. Na ce, "Hajiya, in aka gane mu fa?" Ta ce, "Wakilan ɗaya ɗan takarar maza ne, kunyar kallon fuskar matar aure suke. Mayafi suke riƙewa da goyo. Ku canja duka biyun."

Na so in ƙi, amma ban so a ce ƙauyanci ne. A cikin bas na miƙa Ummi ga maƙwabciyata Lami, na karɓi ɗanta Sagiru. Dama mun saba tsokanar juna cewa mun yi musu baiko. Muka tafi ana waƙa, ana yagar gurasa.

A Ƙauyen Alu muka wuce lafiya. A Unguwa Uku rana ta take, ƙirga ya ja, Sagiru ya ɓarke da kuka. Wata tsohuwa a layin ɗaya ɗan takarar ta ce, "Ke yarinya, sauke shi ki ba shi nono mana!" Na sauke shi, na tsaya riƙe da shi. Ƙuri'ar ƙarya na iya yi, amma in shayar da ɗan wani ya zama ɗan'uwan 'yata har abada, iyayensu maza ba su sani ba? Wannan na kasa.

Tsohuwar ta ce, "Ya sunansa?"

Bakina ya riga ni: "Ummi, Inna."

Ta ɗaga zanin ta leƙa. "Ummi da wannan kaya? Jama'a, ɓarauniyar yara!"

Ba don 'yan sanda sun yi sauri ba, da ba ni ke ba ku labarin nan ba. Ta tagar motarsu na hango bas ɗinmu ya sha kwana da gudu, da Ummi a ciki.

A ofishinsu ƙirjina ya cika yana zogi, Sagiru na kuka, ni ina kuka. Na zayyana wa babbansu komai tun daga sabulun farko, na ce a ɗaure ni amma a nemo mini 'yata. Ya ce Hajiya ta aiko cewa ba ta taɓa ganina ba.

Dab da magariba sai ga Lami, ta san kama ta za a yi, ta shigo da ƙafarta. "Karɓi abarki, ta cinye mini kunne. Ba ni ango."

Na ce, "Ba ki dai ba ta nono ba?"

"Allah ya sawwaƙe! Koko na ɗura mata."

Har ɗan sandan da ke rubutu sai da ya ajiye biro don dariya.

Alƙali bai yi dariya ba. Ni da Lami muka yi 'yan makonni a gidan yari, kowacce da goyonta na halak. Ranar da aka sake mu maigidana ya zo da bas, ya ce, "Ranki ya daɗe, gidan gwamnati za a kai ki ko gida?" A hanya rediyo ke faɗin ɗan takararmu ya sha kaye a zaɓen fid da gwani, har ya rungumi wanda ya kayar da shi. Na yi istigfari, na mayar wa Hajiya atamfarta.

Ranar zaɓen gwamna na je da katina na gaskiya, na dangwala sau ɗaya, na dawo na ɗora tukunya.

Ku 'yan'uwana mata masu tasowa, ina roƙonku abu guda. Ku fita ku zaɓi wanda kuke so, amma da sunanku, a unguwarku. Duk wadda ta ce ku kwance goyo saboda siyasa, ku ce ta fara kawo nata.